Yadda Ake Zaɓen Bunsurun Iri

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Gumel, ko cikin gari ko ƙauye, ba ka tarar da turken awaki a wani lungu ba. Tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ka zarce Maigatari bakin iyaka, akuya ita ce asusun mata. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake haɗa kayan ɗaki, kuma da yawanmu da muke zaune a aji yau, in an bi diddigi, kuɗin akuya ne ya ɗinka mana kayan makaranta. Amma duk da wannan daraja, akwai abu guda da muke yi wa riƙon sakainar kashi, watau zaɓen bunsurun da zai yi wa awakin barbara. A kan wannan nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani, bisa ga abin da muka koya a darasin aikin gona, da kuma abin da ya faru a gidanmu a dogon hutun da ya wuce.

Ga yadda muka saba yi. In 'yan awaki maza suka tasa, wanda ya fi girma da kyan gani shi ake fara ja zuwa kasuwa, domin shi ne mai tsada. In ba a sayar ba, sai a dandaƙe shi ya zama taure, a yi kiwonsa saboda suna ko salla. Wanda dillali ya raina kuwa, tsumburarre mai bushasshen gashi, shi ke saura a gida. Shi ke kwana yana yawon unguwa, shi ne kuma uban 'ya'yan baɗi. Abin mamaki, ba mai yin haka da gero. Kowane manomi ya san in kaka ta yi sai ya tsince zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure damin iri daban, ya ajiye inda ko yunwa ta matsa ba za a taɓa shi ba. To, me ya sa in an zo kan dabba sai mu cinye irin, mu shuka ƙaiƙayi?

Mu ɗan yi lissafi. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, watau kimanin kwana 150. In tana samun abinci takan haihu sau uku cikin shekara biyu, saboda haka 'ya'yanta a shekara ba su cika wuce biyu ko uku ba. Bunsuru ɗaya kuwa ya ishi awaki ashirin zuwa talatin, ka ga ke nan a shekara guda yana iya zama uban 'ya'ya arba'in ko fiye. Kowane ɗan akuya rabin halittarsa daga uwa yake, rabi daga uba. Ashe in ka yi kuskuren sayen akuya, turke ɗaya ka ɓata. In ka yi kuskuren bunsuru, garke ka ɓata, har da na maƙwabta, tun da awakinmu sake su ake yi da rani suna cuɗanya. Kuma kuskuren ba ya bayyana da wuri. Wata biyar kafin a haifi 'yarsa, kamar wata goma kafin ta isa barbara, wani wata biyar kafin ta haihu ka tatse ta. Sai bayan wata ashirin za ka san abin da ka saya, lokacin kuwa aikin gama ya gama.

Yanzu ga labarin gidanmu. Inna tana da awaki shida, tsohon bunsurunmu kuwa an yanka shi a sunan ƙanena. Aka bar mu da 'yan bunsuraye uku masu wata bakwai zuwa takwas, ga kuɗin jarrabawar yayata ya matso, dole a sayar da biyu a bar ɗaya. Na farko ɗan Doguwa ne, wata akuya mai dogayen ƙafafu irin ta Buzaye da Baba ya sayo a Maigatari da cikinta. Shi kaɗai aka haifa, ya yi tsawo, ya yi ƙirji, kowa ya shigo gidan sai ya tanka shi. Na biyu ɗan Ja ne, 'yan biyu aka haife su da 'yar'uwarsa, bai kai na farko girma ba. Na uku ɗan wata ƙaramar akuya ne, haihuwar fari. Baba ya ce ai magana a fili take, a bar ɗan Doguwa. Inna ta ce ita ba ta yarda ba, ita ke tatsa, ita ta san uwayen. Ni kuwa da na zo hutu da littafin aikin gona a hannu, sai aka ce to ɗan boko ya raba gardama.

Abu na farko da ya kamata mai zaɓe ya riƙe shi ne, bunsuru ba ya ba da nono, amma yana ɗauke da gadon nono, kuma wannan gado ba a ganinsa a ƙirji ko a gemu. Inda ake ganinsa shi ne jikin uwarsa, da 'yan'uwansa mata, da uwar ubansa in an san ta. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka kafin ka dubi ɗan, je ka dubi uwar. Hantsarta ta zama mai faɗi, a ɗafe da ciki sosai, ba mai reto kamar jaka ba, domin mai reto ita ƙaya da ƙarangiya ke yaga a daji. Ɓangarorin biyu su zama daidai, kan nono biyu rak, masu kamuwa a hannu. In an tatse ta hantsar ta yi laushi ta saki, don akwai hantsar da nama ne kawai, ga girma ba ruwa. Sa'an nan ka tambaya: sau nawa ta haihu, 'yan biyu take yi ko ɗaya, nawa suka rayu, ta taɓa ɓari, kuma wata nawa take yi tana ba da nono kafin ta ƙafe?

Wani zai ce, mu nan ai ba don tatsa muke kiwo ba, don 'ya'ya muke yi. Gaskiya ne ba kowane gida ke tatsar akuya ba, ko da yake akwai gidaje da yawa, musamman a ƙauyukan bakin iyaka, da nonon akuya ne ke gyara kunun yara da safe. Amma ko wanda bai taɓa tatsa ba da nono yake kiwo. Akuyar da ta haifi biyu ba ta da abin ba su, ɗaya zai mutu, ɗayan ya tsumbure. Wadda ke da nono kuwa ta yaye biyu ƙosassu. Af, tun da an zo maganar sha, lalle a riƙa tafasa nonon kafin a ba yara, domin akwai cutar da ke sa dabba ɓari wadda kan kama mutum ta ɗanyen nono, ta sa shi zazzaɓin da ba ya jin maganin sauro.

Auna nono ba wuya gare shi ba, ba ya kuma bukatar wani injin. A raba uwa da 'ya'yanta da magariba, da asuba a tatse ta a zuba a robar ruwa mai cin rabin lita, a sa alama a jikin robar, a rubuta a littafi. A yi haka sau ɗaya kowane mako biyu, tun daga sati na biyu bayan haihuwa har ta ƙafe. Kwanakin farko dai a bar wa 'ya'ya dakashinsu, shi ne rigakafinsu na farko. A gidanmu ba a yi wannan rubutu ba, amma Inna tana da wani ƙaramin kwano da take tatsa a ciki shekara da shekaru, kuma ba ta manta kome ba. Ta ce Doguwa a watan farko tana cika kwanon har ya zuba, amma kafin wata uku ta ƙafe sarai. Ja kuwa ba ta taɓa cika shi ba, sai dai ta yi wata biyar tana ba da abin da ya fi rabi, alhali tana shayar da biyu. Na ɗauki alƙalami na tara, sai ga Ja a gaba nesa. Wannan ya nuna mini cewa tatsar rana ɗaya ba ta isa shaida ba, kuma mai sayarwa kullum ranar da ta fi yawa zai gaya maka.

Saura maganar girma, wadda ita ce ta ruɗi Baba, kuma ita ke ruɗin yawancin mutane. Ɗan Doguwa ya fi girma, ba musu. Amma shi kaɗai ya sha nonon uwarsa, ɗan Ja kuwa raba nasa ya yi biyu. Bugu da ƙari, uwayen ma ba tsayinsu ɗaya ba. Girman da abinci ya kawo ba a gadonsa. Haka nan wanda aka haifa da kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa suke ko'ina, dole ya fi wanda aka haifa da bazara, sa'ad da ba abin ci sai 'ya'yan gawo da ɗan dusa. Ɗan haihuwar fari ma yakan fi na babbar akuya ƙanƙanta. Saboda haka in za a gwada 'yan bunsuraye, a gwada tsara da tsara, ɗan biyu da ɗan biyu, waɗanda suka ci abinci iri ɗaya. Wanda ba shi da sikeli ya ari tef wurin tela, ya riƙa auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba kowane wata, zai ga wanda ke ci gaba da wanda ya tsaya.

Bayan an gama da uwa, sai a juyo kan shi kansa bunsurun, a duba shi da hannu, ba da ido kaɗai ba. A fara da maraina, don su ne amfaninsa. Su zama biyu, duk sun sauko, girmansu ɗaya, masu ɗan tauri ba kumburi ba ƙulli, suna motsi cikin fatar in an taɓa. Cikin tsara, mai manyan maraina ya fi yawan iri. A nan ne na ukunmu ya faɗi, domin da na laluba sai na ji ɗaya kawai, ɗayan bai sauko ba. Irin wannan yana iya ba da ciki, amma aibin yakan bi 'ya'yansa, don haka kasuwa ta kira shi. A gaban marainan akwai 'yan kan nono ƙanana guda biyu, mutane da yawa ba su ma san bunsuru yana da su ba. A ƙirga su. In an ga uku ko huɗu, ko ɗaya mai reshe, a bar shi, domin 'ya'yansa mata na iya zuwa da haka, tatsa ta yi wuya. Sai baki. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, kuma wajibi ne haƙoran ƙasa su sauka daidai a kansa. In muƙamuƙin ƙasa ya zarce ko ya gaza, dabbar ba ta iya tsinkar ciyawa sosai, wannan ma ana gadonsa. Ƙafafu su miƙe, musamman na baya da yake tsayawa a kansu wajen barbara, kofato ba tsagewa ba wari. Baya ya miƙe, ƙirji da faɗi, gashi na sheƙi. A ja fatar ido ta ƙasa a duba, in ja ce jini ya isa, in ta yi fari fat tsutsar ciki ta shanye shi. Daga ƙarshe a sake shi cikin awaki a ga halinsa, mai kuzari ne ko kuwa mai raɓewa jikin danga.

Akwai wani abu da malaminmu ya faɗa wanda ya ba aji dariya, amma gaskiya ne. Ya ce kada a haɗa bunsurun da aka haifa ba ƙaho da akuyar da ita ma aka haifa ba ƙaho, domin cikin 'ya'yansu akan sami mata-maza, waɗanda ba sa haihuwa. An fi ganin haka a awakin Turai, amma tun da yanzu ana shigo da su ana gauraya su da namu, ya kamata a sani.

Wanda ba shi da abin zaɓe a gida, dole ya nufi kasuwa, mu kuwa Allah ya ba mu babba a kusa. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da dabbobi daga ƙauyukanmu da kuma ƙetaren iyaka, wajen Dungas da Magarya da Damagaram, fatake na lodi zuwa kudu. Wurin sayen na yanka ko na kiwon ƙiba, ba ta da na biyu a wannan yanki. Amma sayen bunsurun iri a kara cinikin biri a sama ne, domin uwar ba ta nan, wanda ya kawo shi ma sau da yawa hannu na uku ne, dillali kuwa la'adarsa yake nema. In ya zama dole, to a buɗe baki a karanta shekaru. Ɗan akuya yana da ƙananan haƙoran nono takwas a ƙasa. Biyu na tsakiya sukan fita, manya su maye gurbinsu, in ya shekara ɗaya zuwa wata goma sha biyar. Manya huɗu, ya doshi shekara biyu, shida kuma wajen shekara uku, in sun cika takwas ya kai huɗu. Ta haka za ka gane tsohon wada da ake sayarwa da sunan yaro. Ko da yake ɗan bunsuru yakan fara bin awaki tun yana wata biyar ko shida, bai kamata a ɗora masa garke ba sai ya kusa shekara.

In an kawo shi gida kuma, kada a sake shi cikin turke a ranar. A ɗaure shi daban mako uku, da kwanon ruwansa daban. Dalili kuwa shi ne annobar nan ta awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da kwantsa da gyambon baki da zawo. An fara gano ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942, kuma kasuwa na cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta, domin dabba na iya ɗauke da ita kwanaki kafin ta nuna. Tana iya share turke cikin mako biyu. Akwai allurar rigakafinta, wadda ke kare dabba har shekara uku, a nemi malamin dabbobi ya yi.

Game da launi da iri, jar akuya wadda ake kira ta Sakkwato, a Nijar kuma ta Maraɗi, ita ce ta fi suna a ƙasar Hausa. Tana yawan haihuwar 'yan biyu, tana da nono gwargwado, fatarta kuma ita ce fataken dā suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka sa mata sunan fatar Maroko. Abin lura shi ne, da hukumomin Nijar suka so yaɗa ta, ta hanyar maza suka bi. Sun kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963, ana zaɓen jajayen bunsuraye ana kai su ƙauyuka, ana dandaƙe waɗanda ba a so. A nan Nijeriya ma cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kan wannan akuya. Doguwar akuyar Sahel kuwa ta fi jure tafiya da ƙishirwa, cikinsu akwai masu nono ƙwarai, sai dai ba su cika yin biyu ba. Su kuma awakin Turai irin su Saanen ta ƙasar Suwizalan, gaskiya ne sukan ba da lita biyu zuwa uku a rana, inda tamu ke ba da kamar rabin lita. Amma wannan a ƙasarsu ne mai sanyi, da abinci sai sun ture. A ganina, wanda harawarsa ba ta kai shi ƙarshen bazara ba, bai kamata ya kawo baƙon da zafin watan Afrilu na Gumel zai kwantar ba. Kuma ja kaɗai ba shaida ba ce, akwai jar akuyar da ba ta iya shayar da ɗa guda.

To, da muka auna duk wannan, sai ɗan Ja ya yi nasara, Inna ta yi murmushi, ni ma na fara jin kaina. Sai Baba, wanda ya yi shiru tun ɗazu, ya ce, “Ɗan boko, ka gama? To faɗa mini, wa zai hau?” Nan na yi sanyi. Cikin awakinmu shida, ɗaya uwarsa ce, biyu 'ya'yan uwarsa ne na haihuwar baya, ɗaya kuma ubansu ɗaya da shi. Ga 'yar'uwar haihuwarsa tana tasowa. Doguwa ce kaɗai bare, sai wata tsohuwa. Barbara tsakanin jini ɗaya kuwa ita ke kawo 'ya'ya raunana, da yawan mutuwa, da raguwar girma da nono, kuma duk wani ɓoyayyen aibi da ke cikin dangin sai ya fito fili. Wannan ne ma ya sa ko bunsurun kirki ba a barinsa a garke ɗaya ya wuce shekara ɗaya da rabi, domin kafin nan 'ya'yansa mata sun isa. Na karanta wannan a littafi, amma ban tuna ba sai da wanda bai karanta ba ya tuna mini.

Inna ce ta kawo mafita. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana aure a wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, tana da wata akuya da Inna ta sha gani ana tatsa in ta je biki ko suna, kuma ba ta haɗa jini da namu ba. Muka tafi ni da Baba a kan babur, ɗan Ja a tsakiyarmu yana ta kuka. Akuyar tana da ɗa namiji mai wata tara, shi ma ɗan biyu. Na duba uwar, na duba shi tun daga baki har kofato, Gwaggo na kallona tana dariya, tana cewa, “Yau ga likita a gidana.” Ta ce nata ya fi namu wata guda, sai an yi mata ciko. Baba ya ce, “Haba Gwaggon yara, da ni za ki yi ciniki?” Aka dai shirya a kan kwano biyu na wake in kaka ta yi, da sharaɗin bayan shekara ɗaya da rabi kowa ya nemi wani ya sake musanya.

Ɗan Doguwa da mai maraini ɗaya aka kai su Maigatari ranar Alhamis. Kuɗinsu bai cika na jarrabawar ba, sai da Inna ta haɗa da kaji uku. Baƙon ya yi mako ukunsa a bayan rumbu, an yi masa allura, an ba shi maganin tsutsa, sa'an nan aka sake shi. Na yanke wa ƙanwata rabin wani tsohon littafin lissafi, na ja mata layi, na rubuta sunan kowace akuya a kan shafinta, da wurin ranar barbara, da ranar haihuwa, da yawan 'ya'ya, da awon roba. Da na komo makaranta, awaki uku sun riga sun ɗauka. In Allah ya kai mu, za su haihu da sanyi, 'ya'yan kuma ba za a tatse su ba sai na gama aji shida.